Allo da asuba, Kamboni da hantsi

Ranar da na gaya wa surukaina cewa zan sa 'yata ta fari a makarantar firamare ta Katolika a nan Bur Sudan, inda yaƙi ya jefo mu, yayan matata ya ajiye kofin shayinsa, ya dube ni ya ce, "Malam, ka dai san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Ban ji haushinsa ba, domin na san tsoron Allah da ƙaunar yarinyar ne suka sa shi magana. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, wannan karin maganar ce baffana ya faɗa wa mahaifina a tsakar gidanmu da ke unguwar Mayo, kudu da Khartum, a shekarar 1994, kuma yaron da ake gardama a kansa a daren nan ni ne.

Wanda ke karanta wannan daga Kano ko Damagaram zai fi gane nauyin maganar idan ya san asalinmu. Hausawan Sudan jikokin masu hijira ne da mahajjatan ƙasa. Wasu sun biyo ayarin da ya tsira daga yaƙin Burmi a 1903, bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu kuma, irin kakana, sun taso da niyyar Makka, suka yi shekaru suna cirar auduga a gonakin Jazira domin tara guzuri, suka sauke farali, a hanyar komawa kuma aure da haihuwa suka zaunar da su. Saboda haka a gidaje da yawa a cikinmu, idan aka ambaci Nasara, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne dalilin da ya raba kakanni da ƙasarsu. Wanda ya tashi da wannan labari a kunnensa, a ce masa ya kai ɗansa makarantar da gicciye ke rataye a bangonta, ba ƙaramin abu aka nema a wurinsa ba.

Mahaifina mai agashe ne, wato tsiren nan da Hausawa suka koya wa mutanen Sudan ci, yana kafa tukubarsa a bakin tasha tun daga la'asar har dare ya raba. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma takardar hukuma ba ta karantuwa gare shi, kuma sau biyu aka cuce shi da takardar da ya dangwala wa yatsa ba tare da ya san abin da ke cikinta ba. Ya rantse ba za a yi wa ɗansa haka ba. Ya kai ni makarantar gwamnati mafi kusa da mu, aka ce babu gurbi, aka kuma nemi takardun da ba mu da su, ya yi ta jeka-ka-dawo har shekarar karatu ta wuce. Makarantar da ta buɗe mana ƙofa ba tare da ta tambayi inda aka haifi kakanmu ba, ita ce ta coci.

Ba don mu aka gina ta ba. Tun da yaƙin Kudancin Sudan ya sake ɓarkewa a 1983, mutane suka yi ta kwararowa gefen Khartum, Dinka da Nuwer da Shuluk da mutanen duwatsun Nuba, suna kafa bukkoki da buhuna da kwali a Mayo da Jabal Auliya da bayan Umdurman. A 1986 Akbishop na Khartum, Gabriel Zubeir Wako, wanda daga baya ya zama Kadinal, ya kafa shirin makarantu domin 'ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira, shirin da ma'anar sunansa ita ce a ceto wanda zai cetu. Tamu ɗaya ce daga cikin irin waɗannan. Ajujuwa huɗu na ginin laka, sauran kuma rumfuna ne da a nan ake kira rakuba, sai randuna uku a gindin darbejiya. Duk da haka kowa Kamboni yake ce mata, domin a Sudan kusan duk makarantar Katolika haka jama'a ke kiranta. Sunan na Daniel Comboni ne, limamin Katolika ɗan Italiya wanda aka haifa a 1831, ya zama bishop, ya rasu a Khartum ranar 10 ga Oktoba 1881 yana da shekara 50. Mabiyansa ne suka buɗe babbar kwalejin Kamboni a tsakiyar birnin a 1929, inda 'ya'yan manyan gidajen Musulmi suka yi karatu shekara da shekaru. Tsakanin waccan kwaleji da rumfunanmu suna kawai muka haɗa, amma sunan ya ɗan sanyaya zuciyar mahaifina.

Bai sanyaya ta Baffa ba. Ina kwance a kan gadon igiya ina jin su. Mahaifina ya ce, "Yaya, ai lokacin da aka matsa wa sahabbai a Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wurin sarki Kirista ya tura su a Habasha, suka zauna shekaru, suka dawo da addininsu cikakke." Baffa ya ce, "Waɗannan manya ne da imani ya riga ya zauna a ƙirjinsu. Wannan kuwa icce ne ɗanye, wanda ya riga kama shi shi zai tanƙwara shi." Har yau ina ganin Baffa ya faɗi gaskiya, kuma mahaifina ma bai musa masa ba. Aka tsaya a kan sharaɗi: zan riƙa zuwa makarantar allo, wadda a nan muke ce wa halwa, bayan sallar asuba da kuma bayan magariba, kuma duk ranar da aka ga na fara wasa da salla za a cire ni.

Washegari mahaifina ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya riƙe hannuna har ofishin shugabar makarantar. Sista ce tsohuwa, wato macen da ta sadaukar da rayuwarta ga hidimar coci, Baturiyar Italiya, wadda ta daɗe a ƙasar har Larabcin Sudan ya zauna a bakinta. Ya ƙi zama a kujera. Ya ce, "Sista, ga ɗana. Na kawo shi ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Musulmi na kawo miki shi, Musulmi nake so ki mayar mini da shi. Amana ce." Ta miƙe tsaye ita ma, ta ce, "Ya Hajji, na karɓa." Iyakar abin da suka faɗa ke nan, babu takarda, babu shaida sai ni.

Kowace safiya mukan yi layi a fili, abin da ake kira tabur, a yi taken ƙasa, sannan 'yan'uwanmu Kiristoci su yi addu'arsu. Mu Musulmi, da ba mu kai kashi ɗaya cikin biyar ba a ajinmu, mukan tsaya shiru hannuwanmu a sake, ba wanda ya taɓa cewa mu maimaita. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da Larabci suke addu'ar, kuma Allah suke ambata, da wannan sunan da nake rubutawa a allona. Na taso ina zaton Larabci da sunan Allah namu ne mu kaɗai. Na kai wa malaminmu na halwa tambayar, na kuma tambaye shi abin da suke nufi da suke kiran Annabi Isa, wanda su suke ce wa Yasu'u, ɗan Allah. Bai tsawata mini ba. Ya sa na wanke allona, ya rubuta mini Ƙulhuwallahu, ya fassara mini ita da Hausa aya bayan aya, daga baya kuma ya riƙa karanta mini Suratu Maryam yana yi mini bayani, tun ban kai wurinta a karatuna ba. Na san tauhidi da hujjarsa kafin sa'o'ina da yawa, saboda ni kullum ina da tambayar da zan kawo, su kuwa babu abin da ya tayar musu da ita.

Darasin addini dole ne a manhajar Sudan, ana kuma jarrabawa a kansa, kowane yaro a kan nasa addinin. Idan lokacinsa ya yi sai a raba mu. Kiristoci su zauna a aji, mu kuma mu fita gindin darbejiya wurin wani ustazu da makarantar ce ke biyansa domin ya koya mana fiƙihu da sira da tajwidi. A aji uku ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ustazun namu dattijo ne mai sanyin murya, su kuwa a cikin aji waƙa suke yi, da ganga da tafi, muryoyin yaran Kudu suna hawa kan juna yadda ban taɓa jin irinsa ba. Sai na fara zamewa ina laɓewa a bencin baya. Na yi haka sau uku. A na huɗu na ji hannu a kafaɗata.

Sista ba ta daka mini tsawa ba, ba ta kuma sa a doke ni ba. Ta riƙe hannuna, ta ratsa fili da ni a gaban kowa, ta kai ni gindin bishiyar, ta ba ustazu haƙuri a kan cewa ba ta lura da wuri ba. Sannan ta sunkuyo ta ce mini, "Mahaifinka ya ba ni amana, kuma Allah zai tambaye ni a kanta. Wurinka nan ne." Da la'asar ta zo da ƙafarta har tukubar mahaifina, cikin hayaƙi da hayaniyar 'yan tasha, ta gaya masa abin da ya faru da bakinta, alhali da ta yi shiru babu wanda zai sani, kuma ta san maganar tana iya sa a cire ni. Mahaifina ya saurare ta har ta gama, ya naɗe mata agashe a takarda, ta ce ba za ta karɓa kyauta ba, ya ce shi kuma ba zai karɓi kuɗinta ba, daga ƙarshe ta karɓa. Da ya dawo gida ya kira Baffa ya ba shi labari, ya ce, "Yaya, matar nan ba za ta ci amana ba." Baffa ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce a bar ni na ci gaba.

Na yi shekaru ina juya wannan al'amari a raina. Ba zan yaudari kaina in ce Sista ba ta damu da addininta ba, ko kuwa a wurinta duk ɗaya ne. Mace ce da ta bar ƙasarta da danginta, ta haƙura da aure da haihuwa, ta tsufa cikin ƙura da zazzaɓin cizon sauro saboda abin da ta yi imani da shi, kuma ina kyautata zaton da za a tona zuciyarta, za a tarar tana so in san Yasu'u yadda ta san shi. Ga yaro ya kawo kansa, babu wanda ya jawo shi. Amma ta ɗauki alƙawarin da ta yi wa mai sayar da tsire, wanda ba shi da wata hukuma da zai kai ƙararta, ta ɗora shi a kan abin da ranta ke so, kuma dalilin da ta bayar shi ne tsayuwa gaban Allah. A halwa na haddace cewa cin amana yana cikin alamomin munafuki. A filin makarantar nan na ga yadda riƙon amana yake idan yana da tsada ga mai riƙon. Ban yarda da aƙidarta ba a lokacin, ban yarda da ita ba yanzu, amma duk sa'ad da aka ba ni ajiyar kuɗi a wurin aiki, fuskarta nake tunawa.

Karatun kansa mai kyau ne, ko da yake kayan aiki babu. Littafi ɗaya mu huɗu, wani lokaci mu biyar. Da yawa daga malamanmu samari ne 'yan Kudu masu karatu a Jami'ar Juba, wadda yaƙi ya sa aka maido ta Khartum a 1989, suna koyarwa da safe domin su sami na abinci. Manhajar gwamnati ake bi da Larabci, sai dai Turancinsu ya fi na makarantun da ke kewaye da mu, kuma suna koyarwa kamar mutanen da suka san abin da jahilci ya yi wa iyayensu. Wanda ya koya mana lissafi a aji shida yakan riƙe mu bayan an tashi, ba tare da an biya shi ko sisi ba, har sai kowa ya iya raba lamba mai tsawo. A hannunsa na sami sana'ar akawu da nake ci da ita yau. Akwai kuma abin da ban so ba. Bulala ta yi yawa, ajin ya cika har numfashi na wuya a watannin zafi, kuma akwai wani malami da ya taɓa kwaikwayon yadda nake furta Larabci a gaban aji yana kirana Bafallate, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a Sudan, dariyar da aka yi ta daɗe tana yi mini ciwo.

Wannan ciwon ne kuma ya haɗa ni da abokin da na fi so, wani yaro ɗan ƙabilar Dinka da muka zauna benci ɗaya shekara shida. Ya same ni bayan aji ya ce shi ma a cikin gari akwai sunan da ake kiransa da shi, wanda ya fi nawa muni. Mu biyu an haife mu a Sudan, mu biyu kuma kullum ana tuna mana cewa baƙi ne mu. A Oktoban 2000, muna aji bakwai, Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana Josephine Bakhita a cikin waliyyan cocinsu, aka yi biki a makaranta. Aka ba mu labarinta: yarinya ce daga Darfur da aka sace tana ƙarama, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu ta Ubayyid har Khartum, tsoro ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, masu satarta suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a, daga baya aka kai ta Italiya, ta sami 'yanci, ta zama sista, ta rasu a 1947. Mu Musulmi ba mu shiga addu'ar ba, muna zaune a gefe. Amma na ga iyaye mata na Kudu suna kuka da guɗa a lokaci guda, na kuma gane cewa abin da suke gani a hoton nan shi ne baƙar mace 'yar ƙasarsu da aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa, yau duniya na ambaton sunanta da girmamawa.

Hutun makonmu Juma'a ne da Lahadi, Asabar a tsakiya muna aji, domin kowa ya sami ranar ibadarsa. Da hantsi ana ba mu fatur, wake irin na ful da burodi, wanda ga yara da yawa shi ne abincin kirki na yini. Da na fara gwada azumi, abokina ya daina ci a gabana, yakan ɗauki rabonsa ya zaga bayan bango, ba wanda ya umarce shi. A waɗancan shekarun azumi yana faɗowa ne cikin sanyi, har Kirsimeti ta zo a cikin Ramadan sau uku a jere, a 2000 kuma kwana biyu ko uku ne kacal tsakaninta da ƙaramar salla. Na tuna Inna da mahaifiyar abokina sun haɗa fulawa da sukari, suka yi cincin ɗin ka'ak tare, muka ɗauki farantan a ka zuwa gidan burodi a gasa, aka raba biyu. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa ware kofin da abokina ya sha ruwa da shi, Inna ta ɗauki kofin ta sha a gabanta, ta ce, "Ɗa na kowa ne, Hajiya." Da ruwan damina ya rushe bangon aji biyu, gayya aka kira, wadda a nan ake ce wa nafir, kuma magina Hausawa ne suka ja gaba wajen kwaɓa laka. Baffa yana cikinsu.

Na rubuta jarrabawar kammala aji takwas na wuce sakandare. A 2011 Kudu ta ɓalle, unguwarmu ta yi shiru cikin 'yan watanni, aka yi ta loda gadaje da tukwane a manyan motoci zuwa Kosti domin a hau jirgin ruwa. Abokina ya tafi tare da su. Sista ta riga ta koma ƙasarta saboda tsufa, labarin rasuwarta ya iso mu daga baya. Sai ga 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya shigo Khartum kanta, muka zama mu ne masu ɗaukar buhuna a ka. A mako na biyu wayata ta yi ƙara, lambar Juba, muryar abokina: "Ɗan'uwa, ina da ɗaki biyu, ɗauko Inna da yara ku taho." Ba mu je ba, domin dangin matata suna nan gabas, amma na zauna a bakin hanya na yi kuka bayan ya kashe wayar.

Duk wannan na faɗa wa yayan matata a daren nan. Na kuma gaya masa abin da ba zan ɓoye wa kowane uba ba, cewa ba kowace makaranta ce ke da irin Sista ba, kuma abin da ya tsare ni rabinsa a gida yake: asubar da Baba ke tashe ni, da malamin da bai kore ni da tambayoyina ba. Wanda zai kai ɗansa Kamboni ya kwanta barci, gara kada ya kai. Ya ce to zai bi ni ya gani da idonsa.

Muka je tare. Shugaban makarantar, wani Fada ɗan duwatsun Nuba, ya rubuta addinin yarinyar a takardar rajista, ya aika aka kira malamar da ke koyar da darasin Musulunci domin mu gaisa, ya nuna mana inda yara Musulmi ke sallar azahar. Na miƙe tsaye na ce, "Abuna, Musulma na kawo ta, Musulma nake so a mayar mini da ita. Amana ce." Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya karɓa. A hanyar komawa kawun nata ya ce shi zai riƙa kai ta halwa da asuba, tunda aikina na sammako ne, kuma bai fasa ko sau ɗaya ba. Shekaranjiya da magariba ta dawo da allonta ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, ashe su ma sun san Nana Maryamu?" Na ce ta je ta yi alwala ta ɗauko mini Alƙur'ani daga kan akwati.